Ruwan Saman Baba Nisim

Duk wanda ya tambaye ni abin da ya kai ni Tunisiya nakan ce masa nema. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya ba. Gudu na yi, kuma ba ɗan bindiga ko ɗan sanda ya kore ni ba. Fuskar matata Saratu na guda.

A shekarun da zinari ya ɓulla a ƙauyukanmu na wajen Duza, kowa ya zama mai dutse. Mu haƙo, mu kawo gida, a daka a turmin da ake surfen dawa. Sai yara suka fara shiɗewa suna mutuwa, likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce a cikin dutsen. 'Yarmu Ummi tana da shekara biyu, an kwantar da ita a Anka, Allah ya ba ta sauƙi. Aka kankare ƙasar gidanmu aka zuba sabuwa, aka ja mana kunne cewa kada dutse ya sake shiga gida. Kowa ya ce ya ji, har da ni. Amma ina da buhu guda na garin dutse wanda na tabbata akwai arziki a cikinsa. Na tura shi ƙarƙashin gadon ƙarfenmu, na ce kwana biyu ne in fitar. Kwana biyu ya zama wata biyu, buhun yana da huda, Ummi kuma ba ta da wurin ɓuya sai ƙarƙashin gadon nan. Ciwo ya dawo, bai bar ta ba. Ranar da aka binne ta na saɓi buhun na kai daji, ban gaya wa kowa ba.

Tun daga ranar Saratu ba ta da magana sai, "Ni nik kashe ɗiyag ga, Malam." Ni kuma in ce, "Ƙaddara ta, ki bari." Allah ya ƙara ba mu haihuwa, amma ba ta koma yadda take ba. Shekara bakwai ina kallon mace tana ramewa da laifina, ina cin tuwonta ina yi mata wa'azin haƙuri. Da abin ya ishe ni na kai ta wurin iyayenta a Nasarawa Burkullu, na bi arewa.

A Agadas na fara sanin cewa harshen gida ma yana cuta. Wani dillali ya ji maganata ya rungume ni, ya ce shi mutumin Gummi ne, har ya lissafa mini unguwanni. "Kai ɗan'uwana na, Lawwali, motar da ba ta lalacewa za ni sa ka." Motar kam ba ta lalace ba, direban ne ya sauke mu a tsakiyar rairayi ya nuna mana wani tsauni da haɓa, ya ce bayansa gari yake. Yini biyu muka yi kafin mu ga bayan tsaunin. Wata Bazabarma da ba mu jin yaren juna ta raba dabinonta ƙwaya uku, ta ba ni ɗaya da rabi. Har yau ban san sunanta ba, kuma ba na tashi daga salla ban sa ta a addu'a ba.

A Sabha na yi wata biyar ina buga bulo. Can ne kewar gida ta fara cina da gaske, kuma ba manyan abubuwa nake kewa ba. Hoce mai zafi da Inna takan naɗo mini a ganye ranar kasuwar Anka, da ƙamshin ƙasa idan ruwan farko ya sauka, da muryar Fulanin da ke kawo nono suna ciniki kamar faɗa. Nakan zauna a inuwar bulo ina lissafa gonakin da ke hanyar Bukkuyum ɗaya bayan ɗaya da sunayen masu su, in na ɓata in sake daga farko.

Daga nan Tarabulus, daga nan Zarzis ta Tunisiya a bakin teku, inda muka yi kwana goma sha ɗaya a wani kango muna jiran jirgin ruwan da zai kai mu Turai. Jirgin bai zo ba, wanda ya yi mana alkawarinsa ma wayarsa ta mutu. Na gode wa Allah daga baya, don ni ko gulbin Gummi ban taɓa hayewa da iyo ba. Wani Basudane ya ce a tsibirin Jarba ana samun aikin hannu, na bi shi.

A wata mararraba muke tsayawa da safe, mu 'yan ƙwadago, duk mai aiki ya zo ya zaɓa. Wata safiya wani tsoho gajere mai jar hula da sanda ya tsaya gabana yana ƙanƙance ido, ya tambaye ni da Larabci ko na iya shafen farar ƙasa. Larabcina na zaure ne, na littattafan da mahaifina ya biya mini, shi ya sa da na amsa sai ya yi dariya ya ce ina magana kamar liman a kan mumbari. Sai da muka shiga unguwarsu na ga rubutun da ke ƙofofi, na tambaya, ya ce, "Mu Yahudawa ne. Idinmu ya matso, kowane gida sai an shafe shi." Ni ban taɓa ganin Bayahude ba sai a bakin masu wa'azi, ban san suna da tari da ciwon gwiwa kamar kowa ba. Amma yunwa ba ta san ƙabila ba, na ɗauki burushi.

Sunansa Nisim, ni kuwa Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Awwal. Maƙerin azurfa da zinari ne, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Faransa, shi kaɗai a gidan kakansa. Ranar farko da azahar ta yi, kafin in tambaya ya nuna mini alƙibla da sandarsa ya miƙo mini tabarma. Da shafe ya ƙare bai sallame ni ba, ya ba ni ɗakin soro, na zama mai shara da cefane da riƙe masa hannu a hanya. Mutum ne mai tsiya, in na dafa shayi ya ce ruwan wanke kofi ne, sa'an nan ya shanye ya miƙo a ƙara. Abu ɗaya ya lura da shi bai yi mini tsiya a kai ba: ko ya ce in miƙo masa ɗan kunnen zinari daga tebur, sai in ɗauko da tsumma.

A bayan gidan akwai wani ɗan ɗaki mai matakala bakwai da ke gangarawa cikin rami cike da ruwa. Duk Jumma'a da la'asar, kafin Asabar ɗinsu ta shiga, yakan yi wanka da sabulu tukuna, ya yanke farce, sa'an nan ya shiga ɗakin ya rufe. Idan ya fito fuskarsa takan yi sanyi, tsiyar ma takan ragu har zuwa Lahadi. Ban tambaya ba, na ɗauka wurin jiƙa tsofaffin ƙasusuwa ne.

Ana nan aka tafi da shi asibiti za a cire masa yanar ido, kwana huɗu. Na ce bari in yi wa tsohon nan abin kirki. Na leƙa ramin na ga ruwan ya yi duhu, ga ɗigon farar ƙasa a gefe. Wanda ya ga abin da kududdufan garinmu suka yi wa yara ba ya ganin ruwa a kwance ya ƙyale. Na kwashe shi tas da bokiti, na goge ramin da burushi har sai da tafin hannuna ya yi kanta, na yi ta jigilar jarka daga famfo yini guda cur. Da na gama har ƙasan ramin ake gani. Na tsaya ina yaba wa kaina, aikin baban giwa.

Ya dawo da auduga a ido, likita ya hana shi shiga ruwa mako uku. Ina shirin yi masa albishir sai ya ce in zaunar da shi a bakin ƙofar ɗakin, ko iskarsa ya sha. A nan ya ba ni labarin wurin. Ya ce suna kiransa mikwe, kuma ba don dauɗar jiki ake shigarsa ba, shi ya sa ake wanka kafin a shiga. Sharaɗinsa ruwan ya taru da kansa, daga sama ya bi indararo ya faɗa ramin. "Idan hannun mutum ya ɗebo a bokiti ya cika shi, Awwal, ya zama baho kawai, ko da ya fi madubi haske." Ya ce tun zamanin kakansa ramin bai taɓa ƙafewa ba, kowace shekara sabon ruwa yakan tarar da tsoho. A cikinsa matarsa ta nutse ranar jajibirin aurensu. Da ta rasu ya yi shekara bai hura wutar maƙera ba, ba ya ci sai an matsa, kuma ruwan nan ne ya dawo da shi cikin mutane. "In ka nutse babu numfashi, babu sunanka, babu jiya. In ka ɗago, numfashin farko sabo ne. Haka na yi ta yi duk mako har na yarda in rayu."

Na fasa albishir ɗin. Na ce, "Allah sarki," na kai shi ɗaki.

Mako ukun nan na san su sarai, don na taɓa yin irinsu shekara bakwai. Shaiɗan bai kawo mini sabuwar dabara ba, tsohuwar ya karkaɗe: ruwa ruwa ne, wa zai sani, in ka faɗa ya kore ka, ba ka da takarda, ina za ka? Ina dafa shayi ina share tsakar gida, ina jin muryata tana cewa "ƙaddara ta" a cikin kunnena. Na rame har tsohon da ido ɗaya ya gani, ya ce ko sauron Jarba ya fi na ƙasarmu ne.

Jumma'ar ta zo. Ƙafarsa ba ta yi ƙwari ba, ya ce in riƙe shi ya sauka. Da na buɗe ƙofa ya tsaya ya washe baki. "Kai! Allah ya yi wa likitan nan albarka. Shekara nawa ina ganin ruwan nan baƙi, ashe idona ne!" Ya sa ƙafa a matakala ta farko, ta biyu, ta uku. A ta huɗu ruwan yake farawa. Ban san lokacin da na riƙe shi gam ba.

"Baba, tsaya. Ba idonka ba ne. Ni na kwashe na zuba na famfo."

Ya juyo ya dube ni da sabon idon. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya zauna a kan matakala, tsoho tsirara sai tawul, ya rufe fuska ya yi kuka kamar an aiko masa da mutuwar yau. Da ya gama ya ce, "Duka?" Na ce duka. Ya ce, "Fita."

Na haɗa 'yan tsummokarana na zauna a soro ina jiran sallama. Sai ranar Lahadi ya kira ni. Ya ce in kwashe ruwan famfon, in tsane ramin da tsumma kada ɗigo ya rage, in share rufin da indararo, sa'an nan mu jira sama. A Jarba kuwa jiran sama ba wasa ba ne, wata shida ne ko fiye. Akwai wani mikwe na unguwa, amma ya ce ba zai je ba. Mutumin da bai taɓa taka can ba tun yana saurayi, in aka gan shi sai an tambayi dalili, dalilin kuma baƙo ne marar takarda. "Teku ma hannun mutum bai ɗebo ta ba," in ji shi. "Kai ka zubar, kai za ka riƙa kai ni."

Haka muka shiga yi. Duk Jumma'a in na sauko daga masallaci sai in ɗora shi a babur mai ƙafa uku na maƙwabcinsa, mu tafi wani lungu na bakin teku inda babu mutane sai kwale-kwalen masunta a kife. Yanzu in na tuna Jarba, hanyar nan nake fara gani: itatuwan zaitun, fararen gidaje, tsoho a bayana yana ƙorafin ina tuƙi kamar mai kai gawa. Ranar farko da muka shiga ruwan, tsoro ya sa na damƙe damtsensa da hannu biyu. Ya buge mini hannu.

"Sake ni! Inda ka damƙe ruwa ba zai taɓa ba, wankan bai yi ba ke nan. Jiƙa hannunka tukuna, sa'an nan ka riƙe ni sako-sako."

Ya nuna mini yadda yake yi: babu zobe, babu igiya a wuya, yatsu a buɗe, ko leɓe ba a matsewa da ƙarfi. Duk abin da ya shiga tsakanin jiki da ruwa ya ɓata wankan, ko da ɗan ƙullin gashi ne. Na ce ai mu ma haka ne, a wankanmu sai an tsettsefe gashi an motsa zobe, lam'a, wato inda ruwa bai taɓa ba, ko ba ta wuce ƙwayar gero ba sai an koma mata. Ya ce to me ya sa ni kullum hannuna a dunƙule yake, har in ina barcin rana? Na yi dariya na ce sanyi ne.

Sai a Jumma'a ta tara ko ta goma na faɗa masa. Ya fito daga ruwa yana zaune a kan kwale-kwale, ina goge masa baya, don haka ba na ganin fuskarsa, wataƙila shi ya ba ni ƙarfin hali. Na faɗi buhun, da hudar, da gadon ƙarfe, da maganar da Saratu take yi da amsar da nake ba ta. Ban taɓa jin labarin da kunnena ba sai ranar, kuma ya fi yadda nake zato muni. Can ya ce, "Shiga ka yi naka wankan, irin naku, da niyyarku. Ni zan tsare maka kaya."

Na shiga har ƙirji, ni da nake tsoron gulbi. Na yi niyyar wankan tuba, na wanke gaɓoɓi yadda mahaifina ya koya mini, sa'an nan na buɗe yatsuna na nutse gaba ɗaya. A ƙarƙashin ruwan na kira sunan Ummi, gishiri ya cika mini baki. Na ɗago ina tari ina kuka, kukan da ban yi ba ranar jana'izarta don ina sauri in kawar da buhu. Na ji sauƙi, ba zan ɓoye ba, irin sauƙin da mai ɗauke da dakon hatsi yake ji in an taya shi saukewa.

Na fito ina cewa alhamdu lillahi, tsohon ya katse ni. "Kada ka yi saurin murna. Ruwa yana wanke abin da ke tsakaninka da Ubangiji. Abin da ke tsakaninka da matar nan, duk tekun nan ba ta isa ba, sai bakinta." Na ce haka malamanmu ma suke cewa. Ya ce, "To ashe ka sani, ɗan malam. Kuma ba a waya ba."

Na ce ba zan tafi ba sai ramin ya cika. Ruwan ya zo wata Talata da hantsi, bayan mun fid da rai da wannan makon. Muka zauna a bakin ƙofar ɗakin mu biyu muna sauraron indararo yana zuba, shi yana motsa baki da addu'arsa, ni da tawa. Ƙamshin ƙasar bai kai na Anka ba, na gaya masa, ya ce in tafi Ankan mana in ga mai riƙe ni. Sai da aka yi ruwa uku ramin ya kai yadda ake so. Ya shiga shi kaɗai ya fito, ya ce sabon ruwa ne bai san kowa ba, amma za su saba. Bayan mako biyu na sa sunana cikin masu komawa gida. Bai raka ni ko ƙofa ba, ya ce ƙafarsa na ciwo, ya cusa mini ƙullin busasshen ɓaure a aljihu. Shekara biyu bayan haka maƙwabcin nan mai babur ya aiko mini cewa ya rasu.

Na iso Nasarawa Burkullu ana girbin gero, ba ni da komai sai jaka ɗaya. Aka yi murna, aka yi tsiya, surukata ta ce Turai ɗin tawa ba ta da ƙiba. Sai washegari da hantsi gida ya yi shiru, na sami Saratu ita kaɗai a gindin rumbu tana tsince wake a faifai. Na zauna a ƙasa gabanta, abin da ban taɓa yi ba.

"Saratu, magana gare ni, kuma ki bari in kai ƙarshe. Ba ke kinka kashe Ummi ba. Bayan an gyara gida, buhun dutse nib ɓoye ƙarƙashin gado, wata biyu shina nan. Ni na. Kuma ina kallo kina ɗaukar laihina shekara da shekaru ban buɗe baki ba. Ki gahwarta mani in kina iyawa."

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Na jira ihu, ko ta tashi ta bar ni, duk na shirya musu. Ta daɗe tana kallona, hawaye na bin fuskarta ba ta share ba.

"Wani buhu mai jan zare ga baki?" ta ce.

Na gyaɗa kai.

"Na gane shi tun kwana na ukku, Malam, ina shara. Nic ce in an wanke shi an samu zinari ka sai mani keken ɗunki. Nij jawo tabarma nir ruhe shi don kak ka san na gani."

Ta ajiye faifan a ƙasa. Kaji suka taso wa waken, babu wanda ya kore su a cikinmu.